Fumfuna a Akwatin Gwaggo

Samarin da ke zama a bakin masallacinmu na nan Trans-Amadi, a Fatakwal, suna da wani wasa da suke yi mini. In na wuce da akwatin gilas a ka, sai ɗaya ya ce, "Malam Mamman, a gaida mai kiwon abin da muke sharewa da tsintsiya." Wani ya ce shi ma gobe zai buɗe shago, tunda sana'ar ba ta wuce a zuba ƙasa a kwalba a jefa gyare ba. Ba na jin haushi. Amma da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta labarin sana'arsa, sai na ce bari in rubuta musu, domin a baki ba sa barina in kai ƙarshe.

Sana'ata haɗa keji da akwatin ajiye dabba, da kuma riƙon dabbar in mai ita ya yi tafiya. Ba da ita na fara ba. Bayan yaƙin basasa, da hanya ta buɗe, na sauko Anaca a motar shanu, na yi dako a babbar kasuwa shekara ɗaya da wani abu. Da bayana ya fara ciwo sai na gangaro Fatakwal wurin wani dattijo ɗan garinmu, Baba Ilu. Shi tun kafin yaƙi yake nan yana saƙa keji. Ya tafi Arewa da aka fara rikici, ya dawo ya tarar wani ya gina shago a inda rumfarsa take. Bai kai ƙarar kowa ba. Ya shimfiɗa buhu a gindin wani mangwaro ya ci gaba da aiki, in ruwa ya sauko ya kwashe kaya ya fake a barandar mutane. Idonsa ya riga ya fara rauni, shi ya sa ya karɓe ni.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tsaga gora da feƙe ta. Wata biyu ban taɓa waya ba. In na gama sanda sai ya shafa da yatsa, in ya ji ƙaya ɗaya ya karya ta ya miƙo mini wata. "Aku da baki yake hawa keji, Mamman," in ji shi. "Abin da ya soki yatsana zai soki harshensa." Kayan aikinsa wuƙa ce mai gajeren baki, da filaya biyu, da zarto, da ƙaramar guduma, sai dayamon, wato abin yankan gilas, wanda yake naɗewa a tsumma ya sa a aljihun ƙirji. Sai da na shekara kafin ya bar ni na ja layi ɗaya da shi. Gilas sau ɗaya ake ja masa layi. In ka koma ta kan layin don ka gyara, ka ɓata gilas ka ɓata dayamon.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gari ya cika da baƙi. Turawa da Indiyawa da Kwarori, kowa yana son aku mai jan wutsiya a baranda. Wata ta kawo kunkuru ta ce a yi masa ɗaki mai ƙofa. Wani ya ce a yi wa birinsa keji, birin ya kwance ƙullin wayar kafin mu kai titi. Mun yi ta aiki, amma har lokacin a gindin mangwaro muke, ruwa yana korarmu.

Akwatin gizo-gizo na farko, wani kuku ne ya kawo mana aikinsa. Sunansa Udo, mutumin Kalaba, ya yi zaman Kano da daɗewa, yana jin Hausa. Ya ce maigidansa, wani Bature injiniya a wani kamfanin mai, yana neman mai yanka gilas. Muka je. Baturen ba ya rabuwa da lofe a baki, shi ya sa muka sa masa Mai Lofe. Ya shigar da mu wani ɗaki, muka ga kwalabe shida manya, kowace da gizo-gizo a ciki, masu gashi, ya zo da su daga wata ƙasa mai daji da ya yi aiki a can. Babbarsu ta kai tafin hannuna. Baba Ilu ya kai fuskarsa kusa da kwalbar, ya daɗe yana duba, sannan ya ja da baya ya ce, "Sannu da hutawa, Gwaggo." Sunan da ya bi ta ke nan.

Mai Lofe ya zana mana abin da yake so: gindi da kusurwoyi na katako, gefe huɗu gilas, murfi na katako mai ƙananan huji. Muka yi shida. Ya ji daɗin aikin, ya tambayi inda shagonmu yake, Udo ya gaya masa. Bayan kwana biyu ya aiko cewa akwai tsohuwar rumfar kwano a bayan gidansa, cikin shingen gidajen kamfani, mu shiga mu yi aiki. Ba takarda, ba haya, bakinsa ne kawai. A lokacin ba kowa ke ba Bahaushen da ya dawo wurin zama ba. Ranar da muka kai kaya, Baba ya zauna a kan benci yana jin ruwa na dukan kwano, bai ce a kwashe komai ba.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata. Mai Lofe zai tafi hutu ƙasarsu wata uku, daidai tsakiyar damina, za a kuma rufe gidan a yi fenti. Ya ce a kawo akwatunan gizo-gizon cikin rumfarmu. Ya yi ta bayani, Udo yana fassara abin da ya iya, ni kuma ina cewa to, to, domin a wurinmu babba in yana magana ba a tsayar da shi a ce ya maimaita. Abin da na riƙe biyu ne: gyare ɗaya a mako, kuma suna son danshi. Ya miƙo mini takarda cike da rubutu. Ban gaya masa ban iya karatu ba. Na ninke ta na soke a jikin rufin rumfa, da nufin in kai wa mai rubuta wasiƙa a gidan waya ya karanta mini. Da zai shiga mota ya nuna akwatin Gwaggo ya yi magana. Udo ya ce, "Ya ce wannan shekara tara tana hannunsa. Ya ce ko gidan ya ƙone, wannan kada ta mutu." Sannan Udo ya ƙara nasa: "Aboki, in ta mutu, ku da Baba sai mangwaro."

Kuskurena na farko saboda kwarkwasa ne. Kwana uku da tafiyarsa na ga layinsu ya bi bayan rumfa, kuma na san abin da suke yi wa ɗan tsako. Na ɗauko foti, abin da muke liƙe gilas da shi, na toshe hujin murfi duka, na bar biyu kawai a kowane akwati. Na biyu kuwa daga gida na zo da shi. A garinmu, in bazara ta yi zafi, mai son tsuntsunsa yakan jiƙa buhu ya rufa a kan keji, iska ta bi ta ciki ta sanyaya. An ce mini suna son danshi, ni kuma ban san wata hanyar ba da danshi da ta wuce wannan ba. Kullum da safe sai in yayyafa wa ƙasarsu ruwa, in jiƙa buhu in rufe. Ban tsaya na yi tunanin cewa a Fatakwal, a damina, rigar da ka rataya a ƙusa ma jiƙewa take da kanta ba.

Baba ne ya fara ji, da hanci. Wata safiya ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ya ajiye tsohon tuwo a nan?" Na ɗaga buhu. Fumfuna ce fara kamar auduga, ta kama guntun itacen da suke hawa, ta kama ragowar gyaren da suka ci suka bari, ta fara bin ƙasa. A wani akwatin har ta yi kore. Na tuna da takarda, na zaro ta daga rufi. Kwano yana ɗiga a daidai wurin, tawadar ta narke ta zama shuɗin tabo, ita ma takardar fumfuna ta kama gefenta. Na kai wa Udo. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Wannan ko shi Oga ba zai karanta ba."

Maganin fumfuna da na sani rana ce, a shanya. To shekarar nan rana ba ta fito ba. Sai a yi kwana biyar ruwa yana tsiyaya, in ya tsagaita sama ta tsaya fari fat kamar an rufa zane. Da na rasa rana sai na koma ga abin da mata ke yi wa ɗaki in ya yi warin laima. Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba turaren wuta, na kai kusa da ƙaramin akwati don in gwada, na buɗe murfi hayaƙi ya shiga kaɗan. Kafin azahar ƙaramin gizo-gizon da ke ciki ya faɗo daga kan itace, ya dunƙule ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa. Bai sake motsi ba. Udo ya zo ya duba, ya riƙe kai. Ya tafi ya dawo da ƙaramar kwalba da barasar da suke dafawa a nan, ya sa gawar a ciki. Ya ce Bature ya fi yarda da abin da ya gani da idonsa, in ba gawa zai ce sayarwa muka yi.

Saura biyar. Na daina jiƙa buhu, amma fumfunar ba ta daina ba. Na gaya wa mai ɗakina, wadda ke suyar gyaɗa tana sayarwa a ƙofar gida. Ta ce, "Malam, yashin suyata wata nawa yake yi a jiƙe a buɗe, ka taɓa ganin ya yi gashi? Wuta ce. Kawo ƙasar in soya maka." Na kai mata, ta soya a babban kasko har tana hayaƙi, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko sabon abinci ne. Na bari ta huce. Na kwashe gizo-gizo uku ɗaya bayan ɗaya, da gwangwanin madara da ɗan kwali, ba a kama su da hannu. Na wanke akwatunan da ruwan zafi zalla, na zuba soyayyar ƙasa, na mayar da su. Gwaggo ban taɓa ta ba, domin ta shige lungu ta yi saƙa mai kauri, ta kuma ƙi cin abinci mako biyu. Na ce bari in ga yadda ukun za su yi tukuna.

Kwana biyar akwatunan nan uku suna fes. A na shida na ga ɗigo fari a kusurwa. Kafin mako ya zagayo fumfunar ta fi ta da yawa, ta shimfiɗu kamar an barbaɗa gari.

Akwati na biyar kuwa ban sauya masa ƙasa ba, kuma dalilin ba na kirki ba ne. Tun ranar da muka ɗauko su gilasinsa ya tsage a kusurwar ƙasa, ɗan yanki ya fita, na liƙa ragar sauro a wurin na tura shi can ƙarshen tebur, kusa da taga, don kada ya riƙa tuna mini. Ƙasarsa ma ta zube a ranar, na cike da wadda na ɗebo a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a bayan shinge. Baba ya ce in jera masa akwatunan a gabansa. Ya bi su ɗaya ɗaya yana sunsuna murfi. Da ya zo kan na biyar ya tsaya.

"Wannan warin daji yake yi. Sauran warin kabari. Me ka yi masa?"

Na ce, "Ban yi masa komai ba, Baba. Shi ne fasasshen."

"To duba mini ƙasarsa da kyau, kai mai ido."

Na duba. Babu fumfuna ko ɗigo. Na tona da tsinke, sai na ga wasu ƙananan ƙwari farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle. Akwai ragowar gyare a gefe, sun taru a kanta. Na ɗauko guntun itace mai fumfuna daga wani akwatin na sa musu. Kwana biyu suka share shi tas. A nan na gane abu biyu. Iska tana shiga ta tsagar ƙasa ta fita ta sama, ba ta kwana a ciki. Kuma ƙasar da muka soya mun kashe duk mai cin fumfuna a cikinta, muka bar wa fumfunar fili ita kaɗai.

Na cire foti daga hujin murfi duka. Maganin kwarkwasa kuwa Udo ya nuna mini: a sa kowace ƙafar tebur a cikin gwangwani mai baƙin mai. Na sauya wa ukun ƙasa da ta bayan shinge, na yanke gilas a gefe biyu masu kallon juna, ɗaya ƙasa ɗaya sama, na sa raga. Ruwa kuma na daina yayyafawa, sai a ɗan murfin kwalba a kusurwa ɗaya. Na bar Gwaggo a ƙarshe, na ce gobe da safe.

Da safen na buɗe rumfa na tarar da ita a kwance rigingine, ciki a sama, ƙafafu a sama, ba motsi. Fumfuna ta taso daga itacenta ta biyo ƙasa, tsakaninta da ita bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na kira Udo. Ya duba ya ce, "Shi ke nan. Bari in nemo babbar kwalba." Na ɗauko gwangwanin madara zan kwashe ta, ko da sauran rai in sa ta a wuri mai tsabta. Baba yana zaune a benci ya ji ƙarar murfi.

"Tsaya. Yaya ta kwanta?"

"A bayanta, Baba."

"Ƙafafun a dunƙule ko a buɗe?"

"A buɗe."

"Wancan da ka kashe da turare fa?"

"A dunƙule, a kan cikinsa."

"Shekara nawa ina share gizo-gizo a rumfa, ban taɓa ganin matacce a rigingine da ƙafa a buɗe ba. Me ke ƙarƙashinta?"

Na duba na ce saƙa ce, ta shimfiɗa kamar tabarma.

Ya ce, "Wanda rai ke fita ina ya ga ta shimfiɗa? Wani abu take shirin yi. Ajiye gwangwanin nan."

Udo ya ce, "Baba, in ta ruɓe a nan fa? Ko gawar ba za mu samu mu nuna ba."

Baba ya ce, "In ta ruɓe ka ce ni ne. Ni dama na san hanyar mangwaro."

To ga ta ba a taɓawa, ga fumfuna ba a bari. Aikin da na yi a ranar shi ne mafi wuya a duk sana'ata. Na ɗaura cokalin shayi a kan tsinken gora, na zura ta sama, ina ɗebe ƙasar da ta yi fari kaɗan kaɗan, ba tare da cokalin ya taɓa saƙar ba. Itacen ban iya cire shi ba, domin saƙar tana manne da shi, sai na kankare abin da na iya kaiwa. Yanka gilas da dayamon ba zai yiwu ba, sai an ƙwanƙwasa, kuma girgiza za ta kai gare ta. Sai na bi fotin gilasin gefe da bakin wuƙa, ina ɓantara kamar mai cire ƙaya, tun hantsi har aka kira azahar. Gilasin ya saki, Udo ya tare shi da tafin hannu, na maye gurbinsa da raga. Na zuba cokali uku na ƙasar bayan shinge a inda na ɗebe. Muka matsar da komai daga taga don iska ta ratsa, amma akwatin bai motsa daga inda yake ba.

Na yi salla na dawo, tana nan yadda take. Bayan la'asar ina feƙe gora a waje sai na ji Udo ya ƙwala ihu, "Aboki! Sun zama biyu!" Na shiga. Bayanta ya tsage, tana zaro ƙafafu ɗaya bayan ɗaya daga cikin tsohuwar fata, a hankali kamar mai cire safa. Saɓa take yi, irin ta maciji. Sabon jikin ya fito da laushi, launinsa ya fi na da haske. Da na kwashe ta da gwangwani da safe, da na karya ta a cikin fatarta. Na gaya wa Baba abin da nake gani. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Gwaggo ta yi sabon zane." Ya ce kada in ba ta gyare sai jikin ya yi ƙwari, don yanzu gyaren ma zai iya cizonta. Na jira kwana goma. Ranar da na jefa mata, kafin ya taɓa ƙasa ta cafke shi.

Ku da kuke cewa ƙasa ce da kwalba, ga abin da nake yi har yau kowace safiya. Ina bin akwati da hanci kafin ido. Ina cire ragowar abinci da tsinke tun ba ta kwana biyu ba, domin daga nan fumfuna ke farawa. Ɗan ɗigo fari ba abin tsoro ba ne, a ɗebe shi da cokali a ƙara iska. Ba na sa turare, ba na sa maganin sauro, ba na wanke akwati da sabulu. Kuma in mai dabba yana bayani ban gane ba, ina tsayar da shi ko shi wane ne.

Mai Lofe ya dawo lokacin da ruwa ya fara sauƙi. Bai shiga gida ba, rumfa ya fara zuwa. Na jera akwatuna biyar, na ajiye ƙaramar kwalbar a gabansu, da tsohuwar fatar Gwaggo a cikin kwalin ashana babba. Na ce wa Udo ya faɗa masa komai, har turaren, har takardar, kada ya rage. Baturen ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta yi ja. Ya ajiye. Ya durƙusa a gaban Gwaggo, ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya buɗe kwalin ashana ya taɓa fatar da ɗan yatsa. Sannan ya zagaya sauran akwatunan, ya sa bayan hannunsa a jikin ragar, ya ji iska tana wucewa. Ya yi tambaya.

Udo ya ce, "Wai wa ya koya muku sa raga a gefe biyu? Ya ce ba ya cikin takardarsa."

Na nuna Baba. Baba ya girgiza kai ya ce, "Gaya masa na cikin kwalbar nan ne ya koya mana. Mu ba mu da malamin da ya wuce shi."

Udo ya fassara. Baturen bai yi dariya ba. Ya sa kwalbar a aljihu, ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfa inda yake ɗiga, ya faɗi wata gajeriyar magana ya fita. Na tambayi Udo me ya ce, mu kwashe ne?

"Ya ce gobe kafinta zai zo ya sauya kwanon nan. Wai ba ya son ruwa ya riƙa zuba a kan akwatunansa in ya sake tafiya."

Baba ya laluba ya jawo wuƙarsa da sandar gora, ya gyara zama a kan benci. Ya ce, "Mamman, in kafintan ya zo, ka ce ya fara da kwanon da ke saman kaina."